Dala 15,000 da Ƙofar da Ta Motsa: Tarihin Fina-finan Farautar Fatalwa

A shekarar 2006 wani mai tsara wasannin kwamfuta, Oren Peli, ya kafa kyamara a ɗakin kwanan gidansa da ke San Diego a Amurka. Ya ɗauko 'yan wasa biyu da ba wanda ya san su, ya biya kowannensu dala 500, ya gama ɗaukar fim cikin mako guda. Abin da ya kashe bai wuce dala 15,000 ba. Da kamfanin Paramount ya saki fim ɗin, mai suna Paranormal Activity, a 2009, sai da ya tara kimanin dala miliyan 193 a gidajen sinima na duniya. Abin da jama'a suka biya kuɗi don su gani kuwa bai taka kara ya karya ba: ƙofa ta ɗan motsa da tsakar dare, mayafi ya zame daga kan mai barci, sawun ƙafa ya bayyana a kan hodar da aka barbaɗa a ƙasa.

Don gane yadda ƙaramin jari ya haifi irin wannan riba, sai an koma baya fiye da shekara 150, zamanin da Turawa suka fara neman hujjar da za a iya gani ko a ji a kan abin da suke kira fatalwa, wato ruhin mamacin da suka ɗauka yana maƙalewa a gidan da ya rayu.

Ƙwanƙwasa, hoto da littafin rajista

A watan Maris na 1848, a ƙauyen Hydesville na jihar New York, wasu 'yan mata biyu 'yan gidan Fox, Maggie da Kate, suka ce wani ruhi yana amsa musu tambaya ta hanyar ƙwanƙwasa. Labarin ya bazu, ya zama tushen wata aƙida ta ganawa da matattu wadda ta mamaye Amurka da Ingila. Bayan shekara 40, a 1888, Maggie ta fito gaban jama'a ta ce da gaɓoɓin yatsun ƙafarsu suke yin ƙarar. Ta janye maganar bayan shekara guda, kuma aƙidar ta ci gaba da samun mabiya.

Kyamara ta shigo cikin lamarin ta hannun William Mumler na birnin Boston. Yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 ya ci rayuka fiye da 600,000, ya bar iyaye da zawarawa cikin begen waɗanda suka rasa. Mumler yakan ɗauki hoton mutum, in an wanke sai a ga wata inuwa dishi-dishi a bayansa, a ce mamacinsa ne. An gurfanar da shi gaban kotu a New York a 1869 bisa zargin damfara, aka sallame shi don ba a tabbatar da laifin ba. Daga baya har matar Shugaba Abraham Lincoln ta zauna gaban kyamararsa, ta tashi da hoto mai ɗauke da inuwar mijinta. Rashin fitowar inuwar sosai shi ne ya ba ta daraja, domin kowa yana cike gurbin da fuskar da yake kewa.

Sai kuma mai bincike. A 1882 aka kafa ƙungiyar Society for Psychical Research a Landan don auna irin waɗannan da'awoyi da ma'aunin ilimi. Wanda ya fi shahara a fagen shi ne Harry Price, wanda a 1937 ya karɓi hayar wani tsohon gidan limamin coci a Borley na tsawon shekara guda, ya yi cigiya a jaridar The Times, ya tara masu sa ido 48 da za su riƙa kwana suna rubuta abin da suka ji. Gidan ya ƙone a 1939. A 1956, bayan rasuwar Price, masu binciken waccan ƙungiya suka fitar da rahoton da ya rushe yawancin da'awarsa. Duk da haka, tsarin da ya bari, na ayari da kayan awo da gidan da aka kwana ciki, shi ne ƙashin bayan fina-finan da suka biyo baya.

Daren da BBC ta firgita Ingila

Ranar 31 ga Oktoba, 1992, tashar BBC ta nuna wani shiri mai suna Ghostwatch, wanda Stephen Volk ya rubuta. Wasan kwaikwayo ne da aka riga aka ɗauka, amma aka tsara shi tamkar shirin kai-tsaye daga wani gida a unguwar Northolt ta Landan. Michael Parkinson, ɗan jaridar da duk ƙasar ta yarda da shi, shi ya jagoranci shirin da sunansa na gaskiya. Har lambar waya aka bayar. Mutane da yawa da suka kunna talabijin bayan an fara sun ɗauka da gaske ake, kiran waya ya yi wa tashar yawa, kuma a 1994 mujallar British Medical Journal ta buga rahoton wasu yara biyu da firgicin shirin ya bar musu ciwon damuwa. BBC ba ta sake nuna shi a tashoshinta na Birtaniya ba.

Darasin da masu shirya fim suka ɗauka shi ne, sigar labarai tana da nata ikon. Idan abu ya yi kama da rahoto, mai kallo yakan sassauta shakkarsa tun kafin ya yi tunani.

Daniel Myrick da Eduardo Sánchez suka gwada wannan a dajin jihar Maryland a watan Oktoba na 1997. Sun ba 'yan wasa uku kyamarori, suka tura su daji kwana takwas, suna ajiye musu umarni a takarda, suna tsorata su da dare. Kuɗin ɗaukar bai wuce dala 60,000 ba. The Blair Witch Project ya fito a bikin fina-finai na Sundance a 1999, kamfanin Artisan ya saye shi a kan dala miliyan 1.1, sannan ya tara kusan dala miliyan 250. An tallata shi a intanet a matsayin faifan ɗalibai uku da suka ɓace, har da takardun cigiya masu ɗauke da hotunansu. Mayyar da ake nema ba ta fito ko sau ɗaya ba.

Talauci ya zama jari

A nan lissafin ya juya. A fim na al'ada, rawar kyamara da duhu da ƙarar iska aibi ne da ake kashe kuɗi a gyara. A wannan salo su ne shaidar gaskiya. Ba a buƙatar tauraro, hasali ma sananniyar fuska tana ɓata wasan. Ba a buƙatar kiɗa, ba a buƙatar dodo mai tsada, tunda abin da ba a gani ba ya fi wanda aka gani ban tsoro. Jason Blum, wanda ya taimaka wajen kai Paranormal Activity kasuwa, a kan wannan tsari ya gina kamfaninsa na Blumhouse: a zuba kuɗi kaɗan a fina-finai da yawa, in ɗaya ya ci kasuwa ya biya asarar sauran.

Talabijin ma ta shiga. Most Haunted ya fara a Birtaniya a 2002, Ghost Hunters kuma a Amurka a 2004, jagororinsa biyu masu gyaran famfo ne da rana, masu farautar fatalwa da dare. Koren hoton kyamarar dare da na'urar auna maganaɗisu da raɗar "ka ji wannan?" duk daga nan suka zama sananne. A 2005 hukumar Ofcom mai sa ido kan kafafen Birtaniya ta bayyana Most Haunted a matsayin shirin nishaɗi, wanda bai kamata a ɗauke shi bincike na haƙiƙa ba. Fim ɗin Grave Encounters na Kanada, na 2011, da wannan ya yi wasa: ayarin wani shirin talabijin da suka saba biyan mutane su yi ƙaryar ganin fatalwa suka kulle kansu a tsohon asibitin masu taɓin hankali, sai ƙofar fita ta ɓace. A 2018 Gonjiam: Haunted Asylum na Koriya ta Kudu ya mai da ayarin masu neman mabiya a intanet. A 2020, lokacin kullen korona, Rob Savage ya shirya Host, fim ɗin da bai kai awa ɗaya ba, wanda gaba ɗayansa a kan manhajar Zoom yake gudana. Duk na'urar da zamani ya yarda da ita, nan fatalwar take komawa.

Wannan ne ya sa tarihin ya shafi ko wanda bai taɓa kallon ɗaya daga cikin waɗannan fina-finai ba. Bidiyon da ke rawa, mai duhu, wanda aka turo maka ta WhatsApp ba tare da sunan wanda ya ɗauka ba, da irin makamin Mumler yake aiki. Rashin kyawunsa ne ke sa a ce ai ba shiri ba ne, alhali masana'antar fim ta shafe shekaru tana nuna cewa babu abin da ya fi shi sauƙin shiryawa.

Akwai kuma batun wa ya ci ribar. 'Yan wasan Blair Witch uku, Heather Donahue da Joshua Leonard da Michael Williams, da sunayensu na gaskiya suka fito, aka kuma hana su bayyana a kafafen watsa labarai a farkon tallar don jama'a su ci gaba da zaton sun mutu. A watan Afrilu na 2024, shekara 25 bayan fitowar fim ɗin, suka rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kamfanin Lionsgate, wanda yanzu yake riƙe da haƙƙin mallakarsa, suna neman a biya su kasonsu na ribar da fuskokinsu da sunayensu suka jawo.