Baƙi da Fari: Gida Biyu a Sana'ar Ƙira

Garin Wudil yana kan hanyar da ta haɗa Gaya da Kano, kuma a tarihin ƙira wannan hanya ba ƙarama ba ce. Tarihin baka na Kanawa ya nuna cewa Abagayawa, maƙera daga Gaya, su ne suka nufi Dutsen Dala neman tama. Binciken masana kayan tarihi ya nuna ana narka tama a Dala tun wajejen ƙarni na 7.

Bahaushe ya raba sana'ar gida biyu. Maƙerin baƙi abokin wuta ne. Da zuga-zugi da gawayi yake gasa ƙarfe har ya yi jajir, ya kama shi da awartaki, ya ɗora a uwar maƙera, ya bi shi da masaba, domin da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Daga hannunsa fartanya da garma da lauje da gatari da mashi suke fitowa. Maƙerin fari kuwa azurfa da tagulla ne kayan aikinsa. Yana narkawa ya yi zubi, amma yawancin wahalarsa tana zuwa bayan ƙarfe ya huce: gyara da magagari, zane, da gogewa har zobe ko munduwa ta ɗauki ido. Na farko manomi da mayaƙi ne masu cinikinsa. Na biyu amarya da fada.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta sauya wa gidajen biyu rayuwa. Ƙarafan Turai da tarkacen jirgi suka wadata, narkar tama ta yi ta ja da baya har ta mutu, maƙerin baƙi ya koma dogaro da tsohon ƙarfe. Maƙerin fari ya samu sulallan azurfa yana narkawa, daga baya kuma alminiyum ya shigo.

A yau kayan adon kanti masu araha sun ci kasuwar maƙerin fari, alhali buƙatar manomi tana riƙe da maƙerin baƙi. Mai zagaya kasuwar Juma'a ta Wudil gab da damina zai ga shaida a tarin fartanyu. Abin tsoro shi ne ilimin gidajen biyu gado ne da ba a rubuta ba. Duk gidan da ɗa ya ƙi zama gaban zuga-zugi, abin da kakanni suka sani yakan bi uban zuwa kabari.