Bakwai Cikin Talatin

Da hutun ƙaramar salla ɗan yayata ya zo mana Ƙafin Maiyaki daga Zariya, inda yake karatun zane, da wani kwali a hammata. Bayan la'asar muna zaune a zaure ya buɗe shi gaban kakansa. Takardu ne takwas masu kauri, ba a ɗinke su ba. Huɗu suna ɗauke da baitocin wata waƙa da abokinsa ya yi a kan lokacin kaka, huɗu kuma zane ne baƙi wuluk: rumbu, damman dawa, mata a bakin turmi, da wata kuka ita kaɗai. A ƙarƙashin kowane zane an rubuta 7/30 da fensir, sai sa hannu a gefe.

Baba ya rubuta Alƙur'ani da hannunsa tun ƙuruciya, don haka takarda ba baƙuwarsa ba ce. Ya ɗaga guda ya haska ta wajen ƙofa, ya shafa bayanta da babban yatsa, ya ji inda ta lotsa, har ya kai ta hanci.

"Kai ɗan nan, wannan rubutun hannu ne ko bugu?"

"Allah gafarta Malam, duka biyun ne."

"A'a. Ko dai hannu ya yi, ko inji ya buga."

Yaron ya yi bayani. Allon katako ya samu ya sassaƙe zanen a kai, a juye. Ya shafa tawada, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da cokali har zanen ya hau. Haka ya yi sau talatin ga kowane allo. Da ya gama sai ya kankare allunan, don kada a sake buga ko ɗaya. Wannan da ke hannun Baba shi ne na bakwai.

Baba ya yi shiru. Can ya ce, "To, allon me ya yi maka da ka ɓata shi?"

Tun ranar nake juya tambayoyin nan biyu, domin na lura duk ukunmu mun ga abin da idonmu amma babu wanda ya iya kiran sunansa da Hausa. Faransawa suna ce masa livre d'artiste, wato littafin mai zane. Wani dillalin zane a Faris, Ambroise Vollard, shi ake yawan jingina wa farkonsa: a 1900 ya fitar da waƙoƙin Paul Verlaine tare da zane 109 na Pierre Bonnard, guda 200 kacal. A 1950 Picasso ya yi zane 32 ga waƙoƙin Aimé Césaire a littafin Corps perdu. Sharuɗɗan abin uku ne. Mai zanen da kansa zai yi aiki a kan allon da za a buga, na katako ne, na tagulla ko na dutse. Za a ƙayyade adadi. Sannan kowane guda ya samu lamba da sa hannu.

Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce hoto, kuma ita na fi ƙi. Daga bakin Turawa muka karɓe ta, tare da na'urar ɗauka, sai ta haɗiye komai: wanda aka ɗauka a situdiyo hoto ne, zanen Magana Jari Ce hoto ne, na jikin kalanda hoto ne. Har ta zama sunan abin da ba shi da ƙwari, shi ya sa ake cewa wane ai hoto ne kawai. Wanda ya ce "littafin waƙa mai hotuna" ya sa mai saurare tunanin littafin 'yan firamare. Makonnin da yaron nan ya yi yana sassaƙa sun bi ruwa ke nan a cikin kalma ɗaya.

Zane ta fi kusa. Tamu ce, kuma a cikinta akwai kaifi: zanen fuska da wanzami yake yi da aska, zanen ƙwarya da ake yi da wuƙa ko ƙarfe mai zafi. Mai sassaƙa allon bugu ɗan'uwan mai zanen ƙwarya ne kai tsaye, dukansu suna cire abin da ba a so ne don abin da ake so ya fito. Sai dai zane ba ta gaya maka cewa akwai guda talatin.

Bugu ita ce mai wuya, kuma a kanta na fi daɗewa. A kasuwar Kurmi, wajen masu sayar da littattafai, bugu kalma ce ta asali da daraja: bugun Misra, bugun Bairut, bugun Kano, bugun Zariya. Malamai in suna son kalma mai nauyi su ce ɗab'i, daga Larabci, wurin kuma maɗaba'a. Amma duk inda aka ce bugu, a kunnen mai tsangaya kishiyar rubutun hannu ake nufi. Rubutun hannu shi ne uwa, bugu 'ya'ya ne da ba su ƙirguwa, kowanne kamar ɗan'uwansa. Tun da Kamfanin Gaskiya ya kafu a Zariya a 1945, aikin inji a wurinmu shi ne ya yawaita abu ya sauƙaƙa kuɗinsa. Saboda haka in ka ce wa Bahaushe ga bugu amma na asali ne, kamar ka ce masa ga kwafi amma orijina. Dole ya dube ka.

To amma bugu tana da wata tsohuwar ma'ana da ta riga inji. Duk wanda ya bi hanyar Kano daga nan yana wuce Kura. Can mabuga suke shimfiɗa rinannen yadi a kan gungume, su yi ta sauke masa tabarya da shuni har ya riƙa ɗaukar ido, ya zama ɗan Kura. A wannan sana'a bugu aikin dantse ne, kuma shi yake ƙara wa kaya tsada. Dukawa ma haka suke danna ƙarfe a kan jar fata su fitar da ado a bangon littafi. Hatimin alƙali da aka sassaƙa a juye, a shafa tawada a danna, shi ma dabarar allon yaron ce, a ƙarami. Don haka in muka ce bugun hannu, ba mu ƙirƙiro baƙon abu ba. Mun mayar wa kalmar rabinta ne da inji ya ƙwace.

Akwai ma wani abu a Kano da ya tsaya tsakanin biyun. Littattafan da ake kira bugun Kano, irin su Ishiriniya da Dala'ilu da waƙoƙin ajami masu bango ja ko kore, marubuci ne yake rubuta su da alƙalamin kara, sannan maɗaba'a ta ɗauki hoton shafin ta buga. Mai saye yana tambayar hannun wa ne. Sharif Bala Gabari, wanda ya rasu a 2014, hannunsa ya yi suna har mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna gane rubutunsa daga nesa. Bambancin shi ne babu wanda ya taɓa tunanin tsayar da adadin. In ya ƙare a sake bugawa.

Kalmar da nake ganin ta fi cancanta ga ɓangaren ado ita ce zayyana. Asalinta Larabci ne, ma'anarta ƙawatawa, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Allon zayyana kowa ya san shi ranar sauka. Da na ambace ta, Baba ya aika aka ɗauko gafakarsa. Ya kwance igiyar fata, ya buɗe tadarishi, ya fito da Ishiriniyar da malaminsa ya rubuta. Waƙa ce ta yabon Annabi, ta Alfazazi mutumin Andalus, wadda ake rerawa a Maulidi. Haruffan baƙaƙe ne, da tawadar da aka dafa da bagaruwa aka sa mata ƙaro. Wasulla ja. A farkon kowane babi akwai wani ɗan gida mai kusurwa huɗu, an saƙa shi da ja da ruwan ɗorawa kamar tabarma, kuma babu biyu da suka yi kama. Ganyayen ba a ɗinke suke ba. A ƙasan kowanne an rubuta kalmar farko ta ganye na gaba, don in iska ta watsa su a iya haɗawa. Da ya haska guda ɗaya sai ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, alamar masana'antun Italiya da takardarsu ta riƙa ratso Sahara zuwa Kano.

Yaron ya tsura ido. Littattafan Faransa da ya gani a hoto su ma haka suke zuwa, ganye-ganye cikin akwati, a kan takarda mai alamar mai yinta. Waƙa ga ta, aikin hannu ga shi, takarda ta musamman, ma'ajiya ta musamman. Abin da ya je Zariya ya koya, ɗan'uwansa yana rataye a ɗakin kakansa tun kafin a haifi uwarsa.

Ba zan ce abu ɗaya ba ne. Zayyana ba ta zana mai rai, kuma ba ta fassara baiti, ƙawata masa mazauni take yi. Mata a bakin turmi ba za su shiga Ishiriniya ba. Hanyar da yaron ya bi ta wasu ce: ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a kwalejin Zariya a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, wanda ya zama babban gwanin bugun hannu na ƙasar nan. Nwoko ne ya yi zanen littafin waƙoƙin Christopher Okigbo, Heavensgate, da ƙungiyar Mbari ta fitar a Ibadan a 1962. Abin da ke damuna shi ne duk wannan ya tsiro ne a Zariya, garin Aliyu Namangi mai Infiraji, amma waƙar Hausa da wannan sana'a kamar ba su gaisa ba.

Babban bambancin yana ƙarshen littafi. Baba ya juya zuwa ganyen ƙarshe, inda rubutu yake tsukewa kamar mazurari. Nan marubuci yake cewa tammat, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, wani lokaci da sunan wanda aka rubuta wa, ya roƙi duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Bature yana sa hannu ya rubuta lamba don a san abin kaɗan ne. Malam yana sa sunansa ne da fatan masu karatu su yi yawa, domin kowane mai karatu addu'a ce. Nana Asma'u ta yi waƙoƙi ne don matan da ake kira jaji su ɗauka su kai wa mata ƙauye-ƙauye. Infiraji ta shiga ko'ina ta bakin makafi masu rerawa a kasuwa da tasha. A wannan tarbiyya, a kankare allo don kada wani ya samu ya yi kama da rowa. Tambayar Baba daga nan ta fito, kuma tambaya ce mai nauyi.

Duk da haka ina bayan yaron, kuma ga dalilina. Waƙar ba a tsare ta ba. Abokin nasa ya rera ta, tana yawo a wayoyi, kowa na iya kwafar baitocin. Abin da aka ƙayyade shi ne aikin hannun, kuma hannu dama ƙayyadadde ne: malamin Baba Ishiriniya nawa ya iya rubutawa a rayuwarsa? Mu ba mu sa lamba ba ne kawai, shi ya sa ba mu san yawan abin da muke da shi ba, ba mu kuma san yawan abin da ya salwanta ba. Na san gidan da aka raba gado, aka ƙirga awaki da kwanukan rufi, kundin mamacin kuwa aka ce tsofaffin takardu ne aka tura saman rumbu. Da damina ta wuce gara ta gama da shi. Abin da ya tsira daga irin wannan, wanda ke Gidan Arewa a Kaduna ko ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, ya tsira ne domin wani ya kira shi da suna, ya rubuta shi a rajista, ya ba shi lamba.

Shi ya sa nake son sunan ya fito daga gafaka. Tarin waƙoƙi dama diwani muke ce masa. In da aikin hannu a ciki, diwani mai zayyana, ko mai zane in akwai siffar mai rai. Yadda aka yi shi, bugun hannu. In an tsayar da adadi, ƙidayayye. Diwani mai zane, bugun hannu, ƙidayayye: ya yi tsawo, na sani, amma baki zai rage shi da kansa yadda ya rage rawani ɗan Kura zuwa ɗan Kura. Na gwada shi a kan Baba, bai nemi ƙarin bayani ba.

Da aka kira magariba ya mayar da Ishiriniyar cikin tadarishi. Sannan ya ɗauki takardar kukar nan ya sake dubawa.

"Ɗan nan, na bakwai ɗin nan nawa ne?"

"Naka ne, Baba Malam."

Ya juya bayanta, ya miƙa masa alƙalami. "Rubuta sunanka da na ubanka, da garinku, da shekara. Sa hannun nan naka ba mai iya karanta shi." Yaron ya rubuta da ajami, hannunsa na ɗan rawa. Baba ya jira tawadar ta bushe, ya sa takardun takwas a bayan Ishiriniya, ya ɗaure gafakar.