Yadda Ƙwallon Amurka Ta Fita Neman Kasuwa

TAMBAYA: Wani mai sayar da gwanjo a Babbar Kasuwar Kaduna ya ce yakan tarar da riguna masu tambarin NFL idan ya fasa dila. Wace irin ƙwallo ce, kuma ko tana tafe Nijeriya, ya saro rigunan da yawa?

AMSA: To Malam, wannan ƙwallo mai siffar ƙwai ce, da hannu ake gudu da ita, ana kokawa. An kafa hukumar gasar a 1920, amma ta daɗe ba ta wuce Amurka ba. A 1986 ta kai wasan gwaji filin Wembley na Landan. A 1991 kuma ta ƙirƙiro wata gasa da ta haɗa da ƙungiyoyin Landan, Barsalona da Farankfot. Jamusawa ne kaɗai suka rungume ta sosai. Asara ta yi yawa, aka rufe ta a 2007.

Daga nan sai suka sake dabara, suka riƙa kwaso manyan ƙungiyoyinsu suna kai su waje: Landan 2007, Jamus 2022, Brazil 2024.

Mu kuwa a Afirka, 'yan wasa suka fi nema. Tun da Christian Okoye, haifaffen Inugu, ya yi fice a 1989 suka san akwai ƙarfafa a nan. Shi ya sa suka buɗe sansanin zaɓen matasa a Ghana a 2022, sannan Legas a 2024.

Saboda haka Malam, yi a hankali da jarinka. Samarin Kaduna dai rigar Arsenal da Chelsea suke tambaya.