Ladan Alƙalami a Shekarar Korona

Mu da muke cin abinci da rubutun Hausa mun san ba korona ce ta fara zaftare mana lada ba. Katangar ta daɗe da jiƙewa, annobar tunkuɗa ta kawai ta yi.

A shekarun 1990, lokacin da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ke tashe, lissafin a fili yake. Marubuci zai tara kuɗinsa ya kai maɗaba'a, ya kwaso littattafai ya raba wa masu shaguna a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Su sayar, su cire nasu, su ba shi nasa. Shi ya sa ake raba labari kashi-kashi, domin kuɗin na ɗaya ne ke buga na biyu. Ba takarda, ba sa hannu, sai amana. Ana cin amanar wani lokaci, amma dai ka san ƙofar shagon da za ka je ka tsaya.

Da waya ta shigo hannun kowa, sai kasuwar ta koma WhatsApp. Marubuciya, don yawancinsu mata ne, za ta saki shafukan farko kyauta, sannan ta ce wadda ke son ci gaba ta turo katin waya ko kuɗi ta asusu. Ciniki ya yi sauƙi, sata ma haka. Mutum ɗaya ya biya, kafin magariba littafin ya zaga zauruka.

A haka aka rufe Kano a watan Afrilun 2020. Shaguna suka kulle, aka daina ɗaukar fim, masu rubuta wa Kannywood labari suka zauna. Jaridun da talla ta janye musu suka fara da mu, masu aiko rubutu daga waje, tunda ba mu cikin takardar albashi. Wani a rage masa lada, wani a ce ya yi haƙuri sai abubuwa sun daidaita. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ba a taɓa karanta mu kamar a watannin kullen ba. Mutane na zaune a gida, ana karanta littattafanmu da murya a YouTube, mai tashar yana samun kuɗin talla, marubucin ko sallama ba a yi masa ba.

Da aka buɗe gari, farashin da muka karɓa don dole shi ya zama farashi. Darajar naira ta faɗi, takarda kuwa daga waje ake shigo da ita, bugun littafi ya gagari da yawa daga cikinmu. Wasu suka koma rubuta fina-finai masu dogon zango, wasu suka kama sayar da atamfa da turaren wuta a zaurukan da suka tara don karatu. Manhajar OkadaBooks, inda wasunmu ke ɗan samun ciniki, ita ma ta rufe a 2023.