Bayanin Wuri da Hukuncin Fitonsa, Daga Zamanin Kuɗi Har Ya Zuwa Zamanin Tsaraba

 Ka sani, ya kai ɗalibi, wannan takarda ce a kan wuri, wanda Larabawa ke ce ma wada'u, da yadda masu karɓar fito sunka sāke masa suna sau uku, shi kuwa bai sāke ba.

Fasali na fari, asalinsa. Wuri ɓawo ne na wata 'yar dabba mai kama da dodon koɗi. Mafi kyawunsa daga tsibiran Maldib shike, cikin tekun Hindu. Mutanen can suna sa ganyen kwakwa cikin ruwa, dabbar ta hau, su ɗebe, su bar ta har namanta shi ruɓe, su wanke ɓawon. Ibnu Baɗuɗa ya sauka tsibiran nan a 1343 ta Miladiyya, ya iske ana sayar da wuri 400,000 da dinari guda. Da ya zo Mali da Gao, wajen 1352, ya iske 1,150 kaɗai ke sayen dinari. Duba abin da nisa ke yi ga daraja.

Fasali na biyu, zamanin da shike kuɗi. Da fari ta Sahara ake kawo shi. Sa'an nan Turawan Fotugal sunka kawo shi ta teku tun wajen 1515, Holan da Ingila sunka bi su, anka sayi bayi da yawa da shi. A ƙasar Hausa ya zauna har jam'insa ya zama sunan dukiya duka, ana cewa wuri ɗaya, kuɗi da yawa. 20 hauya ce, 1,000 zambar, 20,000 keso. Bature Barth ya iske a Kano, a 1851, wuri 2,500 ke sayen riyal guda. A lokacin nan da wuri ake biyan fito, da shi ake biyan kuɗin ƙasa da sadaki.

Malamai kuwa sun duba shi ta ƙofar fulusu, watau kuɗin tagulla. Mashhurin zance ga mazhabar Maliku, ba a fidda zakka ga ainihin fulusu, sai in ya zama hajar fatauci, a ƙimanta. Amma an ruwaito cikin Mudawwana Imamu Maliku ya ƙi a musanya fulusu da zinariya ko azurfa bisa jinkiri, har ya kawo misali da fata, in mutane sunka mai da ita kuɗi. Ka riƙe wannan, hukunci shina bin abin da mutane sunka mai da abu.

Fasali na uku, zamanin da anka hana shi. Daga 1845 fataken Hambag, ta ƙasar Jamus, sunka riƙa ɗebo wani irin wuri daga Zanzibar, mai zobe bisa bayansa, mai araha. Ya yi yawa, darajarsa ta faɗi, har ladan ɗaukar keso ya kan cinye rabo mai yawa daga cikinsa in tafiya ta yi nisa. Da Ingilishi sunka ci ƙasa, sunka hana shigowa da wuri Najeriya a 1904, sunka buga anini da kwabo masu huji, sunka ce da su za a biya haraji. A 1912 anka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma. Wanda ya tara keso ya tsufa bisa kansa, ya wayi gari da tarin ɓawo. Abin da ake biyan fito da shi jiya ya zama abin da mai fito ke kamawa.

Fasali na huɗu, zamaninmu. Wuri da 'yan'uwansa ɓawon teku sun koma ado da tsaraba. Tun 1988 ƙasashe sunka haɗu kan littafi guda na lambobin kaya, wanda hukumar kwastan ta duniya ke tsarewa a birnin Burasal. Cikinsa ɓawo ya rabu bisa aikin da hannu ya yi masa. In ɗanye ne, ko an wanke shi kaɗai ba a yanka shi bisa wata siffa ba, babinsa 0508, tare da murjani ɗanye. In an sassaƙa shi, ko an yi wani abin ado da shi, babinsa 9601, tare da hauren giwa da ƙaho da anka sarrafa. In an shirya shi abin wuya ko na hannu, babu zinariya ko dutse mai daraja a ciki, shina komawa 7117, babin kayan ƙawa na kwaikwayo. Kowane babi da nasa fito. A Najeriya, tun 2015, matakan fito 5 ne, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari.

Akwai kuma wata yarjejeniya da anka ƙulla a Washinton a 1973 domin tsare dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Ta shafi wasu manyan ɓawon teku, ba a ƙetare iyaka da su don ciniki sai da takardar izini. Wurin kuɗi ba shi cikinsu.

To, ya ɗan'uwa, in anka tambaye ka hukuncin wani abu, kada ka tsaya ga sunansa. Ka tambaya me anka yi masa, me ake yi da shi, a wane zamani. Kai kuwa falke, in ka zo gaban mai fito da sassaƙaƙƙen ɓawo, kada ka ce ɗanye ne domin a rage maka. Wuri ya taɓa sayen mutum, yau yara ke wasa da shi, bai kai a yi ƙarya dominsa ba.

Allah ne mafi sani.