Majigi: Shaidar da Ƙasar Katagum Ya Kamata Ta Nema

Kafin talabijin ta iso Arewa, majigi ne ke tara jama'a. Motar gwamnati za ta tsaya a ƙofar fada, a kafa farin ƙyalle bayan isha'i, tafinta yana bayani da Hausa. Hukumar fina-finan mulkin mallaka da aka kafa a Landan a 1939, ƙarƙashin William Sellers wanda ya yi aikin kiwon lafiya a Najeriya, ita ta shimfiɗa tsarin, gwamnatin Jihar Arewa ta gaje shi a Kaduna. Tsafta, jirgin ƙasa, masana'antu da noman gyaɗa da auduga aka fi nunawa. Fim ɗin Baban Larai ma don koyar da noman zamani aka shirya shi. Ƙasar Katagum, wadda fadarta ta koma Azare a 1916, tana cikin waɗanda suka noma gyaɗar da aka tara dala a Kano, don haka tarihin guminta na cikin irin waɗannan finafinai.

Wani zai ce ai farfaganda ce, kuma bai yi ƙarya ba: ba a faɗin ribar da hukumar sayen amfanin gona ke tsakura daga farashin manomi. Amma kyamara takan ɗauki fiye da abin da aka aike ta. Yadda ake ɗinke buhu, yadda ake awo a sikeli, suturar 'yan dako, jakunan da ke kai kaya kanti, duk sun shiga hoto, alhali rahoton Di'o bai damu da su ba. Abin da aka ɓoye kuwa, shi ma shaida ne kan masu mulkin. Shi ya sa masu tara tsofaffin finafinai ke rububin faifan milimita 16, kuma kamfanin British Pathé ya zuba finafinai kusan 85,000 a YouTube a 2014.

Sai dai mai tarawa a Ingila faifai kawai ya mallaka. Sanin abin da ke ciki yana bakin dattawan Azare, Jama'are da Misau da suka yi dakon buhunan. Zafi da laima na cin faifai, shekaru na ɗauke dattawa. Wajibi ne jami'o'inmu da ma'adanar finafinai ta ƙasa da ke Jos su nemo kwafi, su nuna wa waɗannan dattawa, su naɗi bayaninsu tun suna raye.