Daga harbi-ka-ruga zuwa pistole: me tsawon bindiga ke ƙara ma maharbi?

Lokacin wasannin Olympique na Paris a 2024, hoton wani ɗan Turkiyya, Yusuf Dikeç, ya zagaye wayoyinmu: hannu guda cikin aljihu, ɗayan riƙe da ƴar bindiga, ya kuma tafi gida da lambar azurfa. Wani mai saurare daga unguwar Boukoki ya tambaye mu cikin shiri: yaya wannan ƴar abu ke samun bara, alhali bindigar kakansa ta kusa kai tsawon mutum amma sai ta kuskure gada? Mun yi alkawarin amsa, to ga ta. Sai dai ku yi haƙuri, za mu koma baya kaɗan.

Bindigar da kakanninmu sunka sani ita ce ta toka, wadda ake ɗura ma albarushi ta baki, a danna da sanda, ƙanƙara ta kyasta wuta. Da yawa ta bakin teku take shigowa, inda Turawan Danmark ke da ganuwa a Accra har 1850, wasu kuma ta Sahara daga Tarabulus. Bututunta ya wuce mita guda, kuma da dalili. Albarushin wancan zamani a hankali yake ci, sai ya samu doguwar hanya kafin ya gama tura harsashi. Cikin bututun kuma sumul yake, babu abin da ke murza harsashin, shi ya sa in ya fita sai inda Allah ya kai shi. Sake ɗuri aiki ne na zama. Sunan harbi-ka-ruga ya faɗi komai: ka harba, in naman bai faɗi ba, ka san inda ƙafarka take.

Duk da haka sarakuna sun ɗauke ta da muhimmanci. A Damagaram, Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884, ya tara dubban bindigogi, ya sa ana haɗa albarushi a gari, maƙera kuma na zuba igwa. Maƙwabta sun ji a jikinsu.

A daidai wannan lokaci a Turai abin ya riga ya canza. A 1845 wani Bafaranshe, Louis-Nicolas Flobert, ya ƙirƙiro ɗan harsashin da sinadarin kunna wutarsa ke cikin gefen gindin kwanso, kunama ta bugi gefen sai ya tashi. Don wasa cikin ɗaki anka yi shi. Amurkawa sunka ɗauka sunka gyara: Smith & Wesson a 1857, sannan a 1887 anka fito da wanda ake kira 22 Long Rifle, wanda har gobe shi ake harbawa a gasar pistole ta mita 25. An kuma koyi yin zane mai murɗewa cikin bututu, harsashi ya fita yana juyawa kamar katantanwar yara, ya tafi sak.

Me ya hana wannan ci gaba isowa hannun maharbanmu? Takarda. A 1890 ƙasashen Turai sunka sa hannu kan yarjejeniyar Bruxelles, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani a tsakiyar Afirka, tsakanin layi na 20 a arewa da na 22 a kudu, amma ta bar ƙofa ga bindigar ƙanƙara da albarushin kasuwa. Yamai, Maradi, Damagaram duk suna cikin wannan yanki. Da sunan yaƙi da cinikin bayi anka yi ta, amma kun ga wanda ta amfana. A 1899, da rundunar Voulet da Chanoine ta auka ma Lugu, mutanen Sarauniya Mangu da baka da kibiya sunka fuskanci bindigogi masu cin harsashi ta baya. A shekarar nan ce kuma Damagaram ta faɗa hannun Faransa. Daga baya, zamanin mulkin mallaka, wanda ya samu permi kan yi odar kalibar 12 daga Manufrance ta Saint-Étienne, abin alfaharin tsoffin sojoji da ma'aikata.

To mu dawo kan tambayar ɗan'uwanmu na Boukoki. Da farko, ta ɗan Turkiyyan nan ta iska ce, ta mita 10. Amma yayarta mai harsashin 22 ita ma ba ta da tsawo: dokar gasar mita 25 ta ce bututu kada ya wuce milimita 153, tazarar da ke tsakanin ma'aunin gaba da na baya kada ta wuce milimita 220, nauyi kuma kada ya haura giram 1400. Me ya sa anka yi iyaka? Saboda tsawo na ba da riba a wuri guda, wato ido. In ma'aunan biyu sun yi nisa da juna, ƙaramin kuskure na bayyana ma mai saiti, sai ya gyara. Nauyin gaba kuma na rage rawar hannu. Amma da hannu guda ake harbi, harsashi 60 a gasa, kuma abin da ya yi maka daɗi a harbi na biyar shi zai karya maka kafaɗa a na hamsin. Shi ya sa gwanaye ke zaɓen tsawon da hannunsu zai iya ɗauka har ƙarshe. Kakanmu ya nemi tsawo don albarushinsa, ɗan wasa na nemansa don idonsa.

Akwai kuma wani gajartar da ya kamata mu faɗa ma juna gaskiya a kai. Doguwar bindiga ba ta ɓuya, maharbi na rataye da ita kowa na gani, gari ya san shi ya san gidansu. Gajera kuwa riga ke rufe ta. Ɗan wasa na harba tasa cikin fili mai shinge, da alƙali a kansa. Wadda ke yawo cikin unguwa ba takarda ba ta da alƙali. Ƙasarmu ta san tsadar wannan: tun 1994 anka kafa hukumar tattara makaman da ba bisa ƙa'ida ba, CNCCAI, kuma ranar 25 ga Satumba 2000 a Agadez anka ƙone bindigogi a bikin Wutar Zaman Lafiya. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Mai sha'awar harbi ya bi ta hannun hukuma ya nemi izini, in bai samu ba ya haƙura.

Masu kakanni maharba, ku gaya muna cikin sharhi: wane suna ake kiran bindigar a garinku, kuma tana nan rataye ko an bayar? Za mu karanta amsoshinku a shirin mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Allah ya ba ƙasarmu lafiya.